Yadda na miƙa sirrin manoma ga mutumin da ban taɓa gani ba

A lokacin da abin ya faru ina da gidan ajiyar hatsi a Faskari. Manoma daga Mairuwa da Damari, har da na Ketare ta wajen Kankara, suna kawo mani masara da dawa bayan kaka, in ajiye masu sai ranar da suka ga damar sayarwa. Da harka ta buɗe sai na sayi kwamfuta, muka zuba komai a ciki: sunan mutum, ƙauyensa, lambar wayarsa da yawan buhunansa. Ana nan aka yi wa wani abokin kasuwancina kutse a waya, hankalina ya tashi, na shiga neman wanda zai tsare mani bayanan.

Mutum biyu na samu. Ta farko injiniya ce daga wani ƙaramin kamfani a Kaduna. Ta zo da kanta, ta cika ni da tambayoyi: wa ke taɓa kwamfutar, wa ya san lambar sirri, ina muke ajiye kwafi. Ta ce sai an rubuta yarjejeniya, kuma ba mai iya yi mani alkawarin cewa ba za a taɓa yin kutse ba, sai dai a rage hatsarin. Wannan maganar ce ta sa na raina ta. Na biyun a shafin sada zumunta na gan shi, ga hotunan ofis, ga daɗin baki. Ya rantse mani ko aljani ba zai shiga ba, kuma ba sai ya zo ba. Na karanta mashi lambobin sirri duka ta waya, na sa wata manhaja da ya turo, wadda ke ba shi damar shiga kwamfutar daga nesa. Maiɗakina ta tambaye ni ko na san wani da ya taɓa yi wa aiki, na ce mata ta bar abin da ba ta sani ba.

Bayan 'yan watanni manoma suka fara samun kira da sunan gidan ajiyata. Ban ɗauki abin da zafi ba sai ranar da wani Alhaji daga Damari, aminin mahaifina, ya zo. Na kawo mashi ruwa bai sha ba. Ya ce wani ya kira shi, ya faɗi sunansa da unguwarsa da yawan buhunansa daidai, sannan ya ce sun san yana da abin hannu. Duk wanda ya san yankinmu ya san abin da irin wannan kiran ke nufi. Cikin satin Alhajin ya kwashe iyalinsa zuwa Funtua, gonarsa kuma ba ta ga iri ba a daminar nan. Allah ya kiyaye ba a taɓa kowa ba, amma har yau ba mu san ko 'yan damfara ne suka kira ko waɗanda muke tsoro ba.

Na kira mutumin da na ba lambobin sirri ya musanta, daga baya layinsa ya daina shiga. Da kunya na koma wurin injiniyar. Ta gano ya kwafe sunayen gaba ɗaya ya ajiye a wani wuri a intanet da ba shi da makulli. Ta cire manhajar, muka canza lambobi, ta ce wajibi ne in sanar da hukuma da kowane manomi. Na bi su ƙauye ƙauye ina ba da haƙuri. Da yawa sun kwashe hatsinsu, ban ga laifinsu ba.

Na koyi cewa bayanan mutane amana ce, ba kayana ba ne da zan miƙa wa wanda na ga dama. Mai neman wanda zai tsare mashi kwamfuta ya je ya ga ofishinsa da idonsa, ya ji ta bakin waɗanda ya yi wa aiki, a rubuta yarjejeniya, kuma ya yi hattara da mai alkawarin da ya fi ƙarfin ɗan Adam. Alhajin yana amsa gaisuwata har yanzu, amma bai sake kawo mani ko buhu ɗaya ba.