Bahagon Gidan Tela

Ni na goyi autanmu, don haka ni na fara gane bahago ne. Yana bayana, in na miƙa masa gutsuren burodi ta saman kafaɗa, hannun hagu ne ke zuwa karɓa. Na rufa masa asiri har ya isa zama cin abinci da mu, a nan kuwa babu ɓoyo, don Baba yana ganin komai ko da idonsa na kan allura.

Baba tela ne a unguwar Mansur da ke Makka, shagonsa na jikin na wani mai turare, abokinsa tun suna samari. A Makka aka haifi Baba, amma tarbiyyar gidanmu ta Kano ce, wadda kakanmu ya zo da ita a ƙafa bai zubar da ko kaɗan a hanya ba. Hagu na tsarki ne, ba a ci da shi, ba a karɓa, ba a bayarwa. Baba bai taɓa dukan yaron ba. Sai dai ya ƙwanƙwasa bakin tire ya ce, "Yamin, ya waladi. Dama." Auta ya sauya hannu, shinkafa na zuba a cinyarsa. A haka ya koyi ci da dama, ya koyi rubutu da dama, rubutun da har gobe jagwalgwalo ne.

Jifa ne ya gagara gyara. Dutse, murfin kwalba, takalmina in mun yi faɗa, duk da hagu, kuma ba ya kuskure. Da ya tasa sai ya gano filayen da ake ajiye motocin alhazai wajen Muzdalifa. In aikin Hajji ya wuce wurin fayau yake, direbobi 'yan Pakistan ke buga kurket a ciki, wasansu na jifan ƙwallo da bugunta da katako. Ya fara da tsinto musu ƙwallo, ya koma jefa musu, har suka fara rigima kan wanda zai samu bahagon a ɓangarensa. Ɗaya daga cikinsu ne ya kai shi Jidda, inda ake wasan besbol. Wasa ne da mutum ɗaya ke tsayawa a tsakiyar fili ya jefa ƙwallo, wani ya yi ƙoƙarin maka ta da gora. Aikin auta shi ne kada mai gorar ya same ta.

Kocin da ya gan shi ba musulmi ba ne, ba shi da halin shigowa Makka, sai ya aiko yana roƙon Baba ya same shi a Jidda. Baba ya ce ɗinki ya yi masa yawa. Ni na je. Mutumin ya yi ta bayani ana fassara mini, wai a wannan wasa bahago nemansa ake ido rufe. Na dawo da zumuɗina na zazzage wa Baba labari. Ya ciji zare ya ce, "Tayyib," wato to. Bai hana ba, bai kuma ce Allah ya yi albarka ba. Wannan kalmar yaron ya yi shekaru yana jira.

Daga Jidda aka ɗauke shi zuwa Amurka. A can ƙungiyoyin hawa-hawa ne kamar azuzuwan makaranta, sai ka ci na ƙasa a ɗaga ka. Auta ya fara daga can ƙasa, a wani ɗan gari da ko masallaci babu. Rabin rayuwarsa a bas yake, ya kira ni daga kicin ɗin mutanen da suka ba shi ɗaki yana tambayar ruwa nawa ake zuba wa shinkafa, ƙato da shi. Aka ɗaga shi. Aka sake ɗaga shi. Sau ɗaya aka mayar da shi baya, ya yi mini kuka a waya da Larabci zalla, don shi in ransa ya ɓaci Hausarsa guduwa take. Shekara ta zagayo ya koma matakin da aka cire shi, ya wuce.

Wasanninsu da asubarmu suke faɗowa. Ina idar da salla sai in jingina waya da tulun shayi, ina kallon ɗan da na goya ya zama ɗan mitsitsi a cikin farin kaya. Baba ya zo wucewa zai tafi shago, ya kalli bango ya ce, "Yana cin abinci kuwa?" Shi ke nan tambayarsa. Shi kuma auta duk hirar da muka yi da abu ɗaya yake rufewa: "Yaya, Baba ya ce wani abu?" In ce, "Ya ce ka ci abinci." Raina ya sha ɓaci da Baba, ba zan ɓoye ba. Na taɓa ce masa, "Baba, kalma ɗaya ce fa." Ya ce in miƙo masa almakashi.

Hutun sanyin da ya wuce auta ya zo gida da albishir, an kira shi matakin da daga shi sai babbar gasa. Na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Amma da muka keɓe a kicin sai ya ce, "Yaya, wallahi ta'aban nake, na gaji. In na jefa mutane na ta ihu, ni kuma ji nake kamar abin kunya nake yi a bainar jama'a. In Baba bai sa baki ba wannan karon, halas, shi ke nan, ba zan koma ba." Na balbale shi da faɗa, na ce bai da hankali. A cikina kuwa tsoro ne, don na san ba wasa yake ba.

Duk zuwansa Baba kan ɗinka masa sabuwar jallabiya, wannan bai taɓa fashi ba. A falo ya auna shi ina tsaye. Da awon ya zo kafaɗar hagu sai Baba ya dakata. Ta fi ta dama cika, gwiwar hannun kuma ba ta miƙewa sosai. Ya ɗan matsa wurin da yatsa.

"Yana ciwo?"

"Wani lokaci, Baba."

Ya naɗe abin awonsa ya fita.

Ranar Juma'a jallabiya ta iso. Ni na goge ta, ni na fara gani. Duk jallabiyar duniya aljihun ƙirjinta a hagu yake, don hannun dama ya kai gare shi. Wannan nata a dama. Na ce shi ke nan, idon Baba ya fara tafiya, mutumin da ko maɓalli bai taɓa karkata masa ba. Auta ya zura a gurguje suka tafi masallaci.

Tare da mai turare suka dawo cin abinci. Na ɗauko tire na iso bakin labule, na ji mai turaren yana ƙyalƙyala dariya.

"Ya shehu, tsufa ya zo! Duk sahunmu kallon yaron nan ake. Tela guda, ka kai aljihu dama?"

"Ba kuskure ba ne," in ji Baba. "Ɗana bahago ne. Da hannun nan yake neman halalinsa, kuma yana shan wuya. Allah ya yi masa albarka, shi da hannun."

Mai turare ya daina dariya ya ce amin. Ta gefen labule na hango auta. Kansa na ƙasa, ya ɗaga hannun hagun a hankali ya zura a aljihun, babu komai a ciki, ya bar shi a nan kan ƙirjinsa. Baba ya ɗaga murya yana tambayar ko abincin sai la'asar. Ni kuwa ina tsaye tire na ƙona mini yatsu, na kasa shiga da fuskar da nake da ita.