Shirun da Na Nema wa 'Yata

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina jinjina wa masu ƙarfin halin faɗin abin da ya same su, yau ni ma ina neman ɗan fili. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa.

A lokacin da abin ya faru ina 'yar shekara ashirin da 'yan kai, ban cika shekara biyu da aure ba, kaina kuma cike yake da littattafan soyayya. Tun ina sakandare a Zariya nake aro su wajen ƙawaye, in kwanta rub da ciki in karanta har a kira ni cin abinci in ƙi ji. A cikinsu na koyi yadda aure yake. Mace ta yi wanka, ta turare ɗaki, ta tari mijinta da murmushi. Idan aka haihu kuwa, jariri yana kwance cikin farin shawul yana barci, uwa da uba suna kallonsa suna kallon juna. Ban taɓa cin karo da shafin da jariri ya yi kuka har muryarsa ta dushe ba. Mijina mutum ne mai haƙuri, marar yawan magana. Ya kawo ni Minna, muka kama ciki da falo a wani gidan haya da ke bayan Tudun Wada. Cikina ya tsufa ke nan aka mayar da aikinsa Zungeru, wajen dam, sai dai ya zo ranar Asabar ya koma Lahadi da yamma.

Ummata ta so in koma gida in haihu a gabanta, in yi wankan jego a can kamar yadda ake yi wa kowace mace a haihuwar fari. Na ƙi. Na yi kuka a waya, na ce wannan al'adar da ce, na ce ba zan bar mijina ya dawo ya tarar da ɗaki a kulle ba. Gaskiyar magana ita ce akwai hoton da na zana a zuciyata, ni da shi da jaririnmu mu kaɗai, kuma ba na son kowa ya shigo cikin hoton. Umma ta ce to, Allah ya raba lafiya. Da na haifi 'ya mace ta turo ƙanwarta, Inna, ta zauna da ni har bayan suna, tana dafa mini ruwan wanka da ganye, tana dama mini kunun kanwa. Ba a jima ba mijinta ya kwanta rashin lafiya, dole ta koma. Ta roƙe ni in bi ta, na ce ai na riga na iya komai.

Ranar da ta tafi na san mene ne kaɗaici. Gidanmu na 'yan neman abinci ne, kafin hantsi kowa ya fice, masu kasuwa sun tafi kasuwa, ma'aikata sun tafi ofis, yara suna makaranta. Tsakar gida ta zama fayau, sai shanya da kaji. Damina ce, ruwa yana dukan kwano, ni kuma ina zagaye falo da yarinya a kafaɗa tana tsala kuka. Ta sha nono ta yi kuka, in canza mata ƙunzugu ta yi kuka, in goya ta ta yi kuka. Tun daga azahar har magariba haka muke. Sau da yawa nakan zauna a ƙasa in taya ta. In na ɗauki waya zan kira Umma sai in tuna da bakina na ce na iya, sai in ajiye. In ita ta kira ta tambayi ko yarinya tana shan nono sosai, in gyara murya in ce lafiya lau, ba ta da rigima ko kaɗan.

A wani kantin magani na ga robar tsotso, irin wadda ake sa wa jarirai a baki, mai ruwan hoda da 'yar zobe. Na saya ina jin kamar na samo mai taya ni zama. Amma yarinya ta ce ba ta san wannan ba. In sa mata, ta turo ta da harshe, ta yamutsa fuska kamar na zage ta. Na jiƙa ta a ruwan ɗumi, na shafa mata a kumatu don ta juyo da kanta, na riƙe da yatsa ina jijjiga ta ina yi mata waƙa. Ta ɗan tsotsa sau biyu, ina sakin hannu ta faɗo. Na koma na sayo wata mai faɗin kai, ita ma haka. Na kwashe kwanaki ba ni da wani aiki sai tsintar roba daga ƙasa, in wanke, in mayar, ta tofar.

Akwai wata kwalbar zuma da mijina ya sayo mini a hanyarsa ta dawowa, ya ce mai jego tana bukatar ƙarfi. Wata rana da la'asar idona ya faɗa kanta. Na ce a raina zuma ai magani ce, kowa ya san haka, tun muna yara ake ba mu. Na tsoma kan robar kaɗan, na kai bakinta. Ta yi tsit, ta lumshe ido, ta kama tsotsa, kuma ba ta saki ba. Na tsaya a kanta ina jin saukar ruwa daga indararo, sautin da na manta akwai shi. Wallahi a ranar ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ka.

Daga nan ya zama mini hanya. Da ta motsa baki sai zuma da roba. Wani lokacin na san yunwa ce, amma ina tsakiyar wanki ko girki, sai in ce bari in ƙarasa. Asabar ta zo, na yi kitso, na yi lalle, na turare ɗaki. Mijina ya shigo ya tarar da 'yarsa a kwance cikin farin shawul tana tsotsa shiru. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya kalle ni ya ce yarinyar nan ta ɗauko hankalin uwarta. Wannan kalma ta yi mini daɗi fiye da yadda zan iya faɗa. Ban gaya masa sirrin ba, don ina so ya ɗauka iyawata ce.

A gidan akwai wata dattijuwa Bagwariya da kowa ke kira Mama, mai sayar da doya, ɗakinta yana kallon nawa. Mace ce mai barkwanci, Amarya take kira na ko bayan na haihu. Duk yamma in ta dawo takan leƙo ta ce ina ƙawarta, a ba ta ita ta goya ko na huta. Da ta ga robar ta kwashe da dariya, ta ce na toshe bakin yarinya kamar jarkar manja, ta ce su 'ya'yansu da bayansu suka yi renonsu ba da murfi ba. Nakan yi murmushi in ce barci take yi, in saki labule. Ba ƙinta nake yi ba. Tsoro nake ji kada ta riƙe ta na ɗan lokaci ta gane cewa ban iya komai ba.

Ban lura da lokacin da abubuwa suka fara canzawa ba, ko in ce na lura na ba su wata fassara. Yarinya ta kwana biyu ba ta yi kashi ba, na ce ai jarirai suna haka. In na ba ta nono sai ta ja kaɗan ta saki, nonon yana gangarowa ta gefen bakinta, na ce ta ƙoshi. Idanunta suka yi nauyi kamar mai jin barci kullum. Kukanta ya koma siriri kamar na 'yar kyanwa, na ce ta koyi haƙuri. Sai kuma robar ta soma faɗowa daga bakinta kamar da. Wannan ne ya ba ni haushi, na ɗauka tsohon halinta ne ya dawo. Na ƙara zuma. Da ta ci gaba da faɗowa, na naɗe ɗan tsumma na tokare ta da shi a gefen kumatunta. Har yau ina tuna hannuna yana gyara wannan tsumma. Ba ƙin robar take yi ba, ƙarfin riƙe ta ne babu.

Wata ranar Laraba aka tashi da ruwa mai ƙarfi, Mama ba ta fita kasuwa ba. Da rana ta yi sallama ta shigo da dafaffiyar doya a kwano, ba ta jira na ba ta izini ba. Ta ce ita fa shirun gidan nan ya dame ta, ko na sayar mata da ƙawa ne ban ba ta kasonta ba. Tana dariya ta sunkuya ta ɗaga yarinyar. Kan ya faɗa baya, hannuwan suka zube kamar jiƙaƙƙen zane. Dariyar ta ɗauke daga fuskar Mama. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ce in sa hijabi yanzu-yanzu. Ita ta rungume ta a ƙirji ta lulluɓe da zanenta, ita ta tsaya cikin ruwa ta tare mana Keke. A hanya ina jin ta tana addu'a da yarensu.

A asibiti likita ya tambaye ni ko ina ba ta wani abu ban da nono. Na ce a'a, kuma a raina ban ɗauki zuma a matsayin wani abu ba. Wata nas ce ta ɗauki robar daga cikin shawul, ta ji tana danƙo a yatsunta, ta kalle ni. Sai na faɗa. Likitan bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce zuma takan ɗauko wata ƙwayar cuta da cikin babba yake iya kashewa amma na jariri ba ya iyawa, tana kashe masa jiki a hankali, ta hana shi tsotsa, in ta yi nisa ta hana shi numfashi. Ya ce shi ya sa ba a ba yaron da bai shekara ba, ko ɗigo. Ya ƙara da cewa ga kuma yunwa, don an daɗe ana rufe mata baki a lokacin da take neman abinci.

Makonni muka yi a can. Aka zura mata siririn tiyo ta hanci ana ba ta abinci, wani kuma yana taimaka mata da iska. Mijina ya zo daga Zungeru a ranar da muka kai ta, ya tsaya a bakin gado ya ce shi ne ya kawo zumar. Na so ya zarge ni, ya ƙi, sai muka zauna kowa da nasa nauyin, ba mai iya kallon wani. Umma ta iso washegari. Ta dubi jikarta, ta dube ni, ta tambaye ni a hankali me ya hana ni kiranta. A ɗakin, jarirai ne ke ta kuka ta ko'ina, iyayensu suna tsaki suna jijjiga su, ni kuwa ina zaune ina kishin kowace ɗaya daga cikinsu. Duk cikar ɗakin, ban taɓa jin ni kaɗai ce a duniya kamar lokacin ba.

Wata safiya nas ta zo canza mata allurar hannu. Tana soka mata sai yarinyar ta ja jiki ta tsala ihu, ihu na gaske, har fuskarta ta yi ja. Umma ta ce Alhamdulillahi da ƙarfi. Ni kuwa na durƙusa a wurin ina roƙon kada kowa ya rarrashe ta, a bar ni in ji.

Allah ya tashi kafaɗarta, yanzu tana gudu tana surutu. Amma duk da tatsar da na yi ta yi a asibiti nonona ya ƙafe, ba ta sake kama shi ba, da madarar gwangwani ta girma. In na ga mace ta juya baya a gidan biki tana shayar da ɗanta, nakan nemi abin da zai fitar da ni waje.

'Yan'uwana mata, musamman masu haihuwar fari, ma'aikatan asibiti sun gaya mini robar ba ita ce laifin ba. A bari sai jariri ya kama nono sosai, a ba shi bayan ya ƙoshi, a tsabtace ta, kada a shafa mata zuma ko sukari, kada a ɗaure ko a tokare ta, in ya ƙi a ƙyale shi. Ni abin da na koya ya wuce wannan. Gajiya ba abin kunya ba ce, kuma babu macen da aka halitta don ta yi reno ita kaɗai a bayan labule. In kuka ya fi ƙarfinki, ki buɗe ƙofa ki miƙa shi ga wani hannu, ki faɗa da bakinki cewa kin kasa. In kuma jaririn da kika sani da rigima ya yi shiru haka kawai, kada ki gode wa dabararki. Ki ɗaga shi ki duba.