Minti Biyu, Ban da Gaisuwa

Har in bar aikin nan ba zan manta da ranar da konseye ya kawo mana ci gaba a cikin jakarsa ba. Konseye, don ku sababbin malamai, shi ne mai ba mu shawara daga ofishin anspekta mai duba makarantu, kuma shawararsa irin wadda ba a ƙi ce. Lokacin ina koyarwa a wata cibiya ta matasan da lakwal, wato makarantar boko, ta wuce su, nan Agadas. Ajina kowa da kowa ne: mai Hausa, mai Tamashek, mai ɗan guntun Faransanci, da wanda alƙalami ke yi wa nauyi.

Tsarin da ya kawo mai kyau ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ɗalibi ya ɗauki darasi da muryarsa a waya, cikin harshen da ya iya, mu ɗora a shafin aji na intanet, kowa ya saurara har da iyaye. Waɗanda ban taɓa jin bakinsu ba suka fara magana. Cikinsu akwai Gaishata, ɗiyar wani mai lambu a Iferwan, wadda da ƙyar ubanta ya bari ta zo gidan innarta don karatu. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada birni ya ɓata masa tarbiyyarta. Duk ranar kasuwa yakan zauna a rumfar mai cajin waya, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa, a kunna masa muryarta a gaban abokansa.

Sai dai masana a Yamai sun yanke cewa kowace murya minti biyu ce. Da gani ba su taɓa gaisawa da Ba'abzine ba. Gaishata takan yi sallama, ta gaida babanta, ta tambayi rijiya da raƙumi da maƙwabta, kafin ta iso kan darasi lokaci ya tafi.

Konseye ya saurara yana kaɗa ƙafa. Ya ce, "Mushe," wato malam, "mi ne ne wannan? C'est une perte de temps, ɓata lokaci ne! Darasi muke so."

Na ce, "Mushe konseye, iyayen nan ba su jin magana sai an gaishe su."

Ya ce, "Pédagogie, ilimin koyarwa, ba ta san wannan ba."

Ya buɗe ordinatarsa, wato kwamfuta, ya datse gaisuwar kowa da hannunsa mai albarka, ya ɗora sauran.

Ranar kasuwa aka kunna wa dattijo. Ba sallama, ba "Baba", sai muryar ɗiyarsa tsaye ƙiƙam: "Ga yadda ake yi wa albasa ban-ruwa." Mutumin da ke ban-ruwa tun ba a haife ta ba, kuma abokansa na zaune.

A motar albasa ya iso Agadas. Ya gaishe ni doguwar gaisuwa, sannan ya ce, "Mushe, na zo ɗaukar ɗiyata. Karatunta ya kai."

Na rantse masa ta gaishe shi, mu ne a nan aka yanke. Ya gyara rawaninsa, ya ce, "Na yarda da kai. To wurin da ake cire wa yarinya gaisuwa daga baki, nan zan bar ta?"

Gaishata ta ɗauki kayanta tana kuka, ni ma raina ya ɓaci ƙwarai, don ita ce ta fi kowa ƙoƙari a ajin.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu wanda ke yanke hukunci ba shi ake kallo a ido ba, kuma rahotonsa kullum lafiya lau yake fita. Muryar Gaishata ɗin nan da aka datse, ita ake kunnawa yanzu a tarukan horar da malamai, misalin yadda tsarin ke riƙe 'yan mata a makaranta. An ce mini har tafi ake yi.