Ranar da Mai Zanen Jirage Ya Sauka Kan Layi

Shekara ashirin da shida na yi ina aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa a New York, amma ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Alhamis da na sa wani dattijo ɗan Japan ya sauka kan layin dogo da takalmin aro. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga aikin kafin a kawo shayi, shi zan ba ku, musamman ku ƙannena da kuka shiga bana.

Saboda waɗanda ba 'yan aikin ba, bari in yi ɗan bayani. Mutum biyu ke tafiyar da jirgi. Direba yana gaba, tuƙi da birki a hannunsa suke. Kwandasta yana tsakiya, shi ke buɗe ƙofofi ya rufe, ya yi sanarwa, ya leƙa ta taga ya tabbatar ƙofa ba ta kama kowa ba. Na yi shekara goma sha bakwai ina kwandasta, sannan aka mayar da ni sashen koyar da sababbin ma'aikata a wani yadi a Bronx, wato filin da ake ajiye jirage ana duba lafiyarsu. Daga gidana a University Heights bas ɗaya nake hawa.

Ina cikin shekarata ta biyu a can, lokacin kaka, sai shugabar sashenmu, Madam Alvarez, ta kira ni ofis ranar Litinin da safe. Ta ce wani kamfani a Japan yana shirya fim ɗin zane, irin wanda muke kira katun, kuma rabin labarin a New York zai faru. Sun nemi izini an ba su, baƙi biyu za su yi kwana biyar tare da mu daga ranar. Aikina in raka su, in amsa tambayoyinsu, ranar ƙarshe kuma in sa hannu a takarda cewa abin da suka zana ya dace da yadda jiragenmu suke. Ta ƙara da cewa in dawo mata da su da yatsunsu goma-goma.

Ba zan ɓoye muku ba, na raina aikin. A wurina katun abin yara ne, irin wanda 'ya'yana mata suke kallo ranar Asabar har sai an yi musu faɗa.

Baƙin su ne Mista Endo da wata budurwa mai suna Yuki, wadda ke masa tafinta. Mista Endo ya haura sittin, gajere ne siriri, da jakar fensira rataye a wuya. Yuki ta ce mini shi ba ya zana mutane. Fiye da shekara talatin yana zana abin hawa kawai: jirgin ƙasa, bas, keke, babur, jirgin ruwa. In fim yana buƙatar wani abu mai ƙafa ko inji, shi ake nema. Ta ce a finafinansu jirgin ƙasa kusan ɗan wasa ne, da shi ake nuna rabuwa da jira da komawa gida, don haka masu kallo sun san jirage ƙwarai. Za su yarda jirgi ya tashi sama ya ratsa gajimare, amma in ƙafarsa ta juya ba daidai ba, har wasiƙa sai sun rubuto.

Kafin azahar na daina raina su. Mutumin nan ya sa na buɗe ƙofa na rufe ya fi sau ashirin, yana tsugune yana kallon yadda robar bakin ƙofar ke haɗuwa ta ɗan ja baya kafin ta kama. Ya kanga kunne a jikin tarago yana sauraren famfon iskar birki. Ya tambaye ni me ya sa fentin sandar riƙewa ya fi gogewa a wuri ɗaya, na ce nan ne tsayin hannun yawancin mutane, ya rubuta. Na je na yi salla na dawo na tarar ya zana ƙasan tarago da ƙusoshin da ni kaina ban taɓa lura da su ba. Washegari muka hau jirgi har tashar 125th Street muka dawo, yana tsaye bai riƙe komai ba, wai yana so ƙafafunsa su ji yadda jirgin ke karkata a kwana. Da ya ga kwandasta ya nuna allon nan mai ratsin baƙi da fari da ke rataye a tasha da yatsa, alamar jirgi ya tsaya daidai, kafin ya buɗe ƙofa, sai ya yi murmushi ya ce daga ƙasarsu muka ɗauko, na ce haka aka koya mana.

Da yammacin Talatar nan ne ya buɗe mini babban fayil na labarin, zane bayan zane kamar tagogi. A ciki akwai wata yarinya mai shekara ashirin, ita ce tauraruwar fim ɗin. Tana tsaye a tasha, 'yar jakar da ke ɗauke da wasiƙun mahaifiyarta ta suɓuce ta faɗa kan layi. Fitilar jirgi ta bayyana daga nesa. Ta dira ƙasa, ta ɗauki jakar, ta dafa bakin dandamalin da fasinjoji ke tsayawa da hannu ɗaya ta haye sama kamar mai hawa gado, jirgi ya wuce gashinta na kaɗawa. Zanen ya yi kyau matuƙa, abin da ya fi damuna ke nan.

Na rufe fayil ɗin na ce wa Yuki ta gaya masa ba zan sa hannu a kan wannan ba.

Ya tambaya ko akwai kuskure a jirgin. Na ce jirgin daidai yake, ƙaryar a dandamali take. Wanda ya sauka ƙasa zai tarar bakin dandamalin ya kai masa ƙirji, babu wurin taka ƙafa, ƙasan kuma duk maiƙo da tsakuwa. Ya ce ya auna tsayin, kuma haka ya zana shi. Motsin yarinyar ba nasa ba ne, na daraktan fim ɗin ne a Tokyo, kuma darakta yana son wannan wurin fiye da ko'ina. Shi ba shi da ikon taɓa labari. Na ce to ni ma ba ni da ikon sa hannu a kan abin da na san ba haka yake ba.

Laraba da sassafe na je wurin Madam Alvarez. A yadinmu akwai ɗan guntun layi da dandamali da aka gina don horo, tsayinsa daidai da na tasha, kuma ana iya kashe wutar lantarkinsa a kulle makunnin da kwaɗo. Na nemi izinin saukar da baƙin a can. Ta ƙi nan take. Ta ce labarin nasu ne, mu jirgi aka ce mu duba, kuma dattijon nan in ya karya ƙugu ita za a tambaya. Na tuna mata cewa ƙa'ida ta yarda baƙo ya sauka layin horo in ya yi darasin kiyaye haɗari ya sa hannu, kuma ni ne mai koyar da darasin. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Sani, katun ne fa. Me ya sa abin ya tsaya maka a rai haka?"

Sai na gaya mata abin da ban taɓa faɗa a ofis ba. Ina shekarata ta goma sha ɗaya a kwandasta, da rana tsaka, muna shiga wata tasha, na ji birkin gaggawa ya kama har mutane suka zube a kan juna. Wani magidanci ne wayarsa ta faɗa kan layi ya sauka ɗaukowa. Waɗanda ke wurin sun ce ya yi tsalle sau uku yana neman hawa, hannunsa na zamewa. Direban bai yi laifin komai ba, jirgi mai tarago goma ba ya tsayawa don an so ya tsaya. Ni na fitar da fasinjoji ɗaya bayan ɗaya ta ƙofar da ta kai dandamali. Ina cikin haka na ji wayar tana ƙara daga ƙasa. Ko tsagewa ba ta yi ba. Ta yi ta ƙara tana katsewa har 'yan sanda suka iso. Direban nan bai sake tuƙi ba.

Na ce mata fim ɗin nan matasa za su kalla, har da na garin nan, kuma a ƙarshensa za a rubuta cewa ma'aikatan jirgi sun duba.

Sai ta jawo takarda. Sharuɗɗanta uku ne: ita da kanta za ta ga an kulle wuta, wani ma'aikaci zai tsaya shaida, kuma da zarar dattijon ya nuna gajiya a tsaya. Da yamma na zaunar da baƙin na yi musu darasin awa biyu, ban rage ko layi ɗaya ba.

Alhamis da hantsi muka ba su riga mai ƙyalli da hular kwano da takalman aiki. Na Mista Endo sun yi masa yawa sai da muka cusa takarda. Muka sauka ta tsani, na sa aka janye tsanin. Na ajiye safar hannuna tsakanin layukan na ce ita ce jakar. Na gaya musu zan daga tocila daga can ƙarshe a matsayin fitilar jirgi, in ƙirga da ƙarfi gwargwadon abin da na sani na shigowar jirgi tasha, in na kai ƙarshe in busa usur.

Mista Endo ya ce shi zai fara. Ya ɗauki safar, ya dafa bakin dandamali da hannu ɗaya yadda aka zana, ya yunƙura. Ko ƙafarsa ba ta bar ƙasa sosai ba. Ya sa hannu biyu, ƙirjinsa ya bugi siminti ya dawo. Na busa usur yana tsaye yana haki. Ya ce shi tsoho ne, ba a gwada da shi ba. Yuki ta miƙa masa wayarta ya ɗauki hoto, ta ce ita shekararta ashirin da bakwai kuma tana gudu kowace safiya. Karon farko usur ya same ta cikinta na kan baki, ƙafafunta na lilo daidai inda jirgi zai bi. Karo na biyu ta yar da safar don ta sami hannu biyu, ta hau, amma bayan usur, gwiwarta a goge. Ta zauna a sama ta dubi inda ƙafafunta suke a da.

Mista Endo bai nemi tsani ba. Ya zaro fensir yana tsaye a ƙasa ya fara zana dandamalin yadda yake ganinsa daga can, kamar katanga. Ya ce ta bakin Yuki: "Shekara talatin ina zana wannan wuri daga sama. Ban taɓa tsayawa a nan ba."

Ranar Juma'a na sa hannu a kan zanen jirage, na rubuta a ƙasa da hannuna cewa ban amince da shafukan saukar yarinyar ba. Suka tafi. Wata huɗu ban ji komai ba, har na ɗauka maganar ta mutu.

Sai ga wasiƙa daga Yuki da kwafin sababbin shafuka. Ta ce darakta ya ƙi da farko, ya ce fim ba darasin makaranta ba ne. Mista Endo ya nuna masa hoton gwajin da muka yi, ya ce in za a bar shafukan yadda suke, a nemi wani ya zana jirgin. Sun yi mako uku ba sa magana. Daga baya darakta ya sake rubuta wurin, amma ba yadda na nema ba. Ni so na yi a cire saukar gaba ɗaya. Shi ya bar ta ta sauka. Sai dai yanzu ta dafa ta zame, ta sake dafawa ta zame, an nuna dandamalin daga ƙasa yadda Mista Endo ya zana shi, ga fitila na girma. Fasinjoji huɗu ne suka kwanta rub da ciki a bakin dandamali suka fizgo ta, jakar ta koma ƙasa, wasiƙun suka tarwatse ƙarƙashin jirgin. An kuma nuna fuskar direban bayan ya tsaya, hannunsa ya ƙi sakin birki.

Na kwana biyu ina jin haushi. Da na sake duba shafukan sai na ga wanda ya kalli wannan ba zai yi sha'awar sauka ba, kuma ta wannan fannin nasu ya fi nawa. Na rubuta na ce na amince.

Abin da na koya a makon nan shi ne, a aikinmu sa hannu ba ƙaramin abu ba ne, ko a kan katun ne. Kuma mutumin da ya damu da gaskiyar ƙusa ɗaya zai damu da gaskiyar babban abu, in ka kai shi inda zai gani da idonsa, ba ka tsaya kana musu da shi ba. Tun daga lokacin, duk ajin da na koyar har na yi ritaya, ranar farko sai na saukar da su layin horo na janye tsani. Kai Bashir, da ka yi ajina, kana dariya saboda ka tuna. Sau nawa usur ya same ka a ƙasa? To in ka ga fasinja ya sunkuya yana leƙen abinsa da ya faɗi, kada ka yi masa dogon bayani. Ka tare gabansa, ka kira a zo da sandar ɗauko kaya, ka tsaya tare da shi har ta iso.