Ranar da Aka Kwaikwayi Baba a Kasuwa

Abin da na fara gani da muka iso kasuwa shi ne keken Baba, a jingine a gindin tsamiyar da masu gishiri ke zama. Tun daga nesa na gane shi, saboda tsumman jar atamfar da Inna ta naɗa a sirdin inda fatar ta yage. Na ɗauka Baba ya shiga daji tun da sassafe, kamar yadda ya saba da rani. Muna tafe a layi, malamin ajinmu na gaba, ni kuma ina rungume da sabuwar ƙwarya wadda har lokacin take warin ɗaci. Sai na rage sauri.

Lokacin ina aji biyar a makarantar firamare a Birnin Gwari, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. A wannan ranin aka kawo mana sabon malamin daji, wani dogon mutum mai gajeren wandon kaki. Ya zo makarantarmu ya yi mana bayani a kan masu sare manyan itatuwa a gandun daji ba tare da izini ba, da masu daka magimfa su zuba a gulbi don kifi ya bugu ya taso. Ya ce yana so a kakkafa allunan kwano masu rubutu a bakin gandu da mashayai, a kuma sayi batir na lasifika don ya riƙa bin kasuwanni yana jan kunnen jama'a. Amma abin da aka ware wa ofishinsa bai wuce na man babur ba. Shi ne hedimastanmu ya kawo shawara cewa mu 'yan makaranta mu shirya wasan kwaikwayo, mu riƙa yi ranar kasuwa, a zagaya da ƙwarya, abin da aka samu a sayi fenti da kwano da batir.

Duk abin da malamin daji ya faɗa na san gaskiya ne. Na taɓa bin Inna wanki washegarin da aka zuba magimfa a wani gurbi, na ga ƙananan kifaye da ba su kai ɗan yatsa ba sun yi fari fat a bakin ruwa, cikinsu a sama, har da kwaɗi. Bafillatanar da ke kawo mana nono ta ce shanunsu sun shinshina ruwan sun juya. Na kuma san sana'ar Baba. Mai yankan katako ne. Shi da abokin aikinsa sukan kayar da maɗaci, su haƙa rami, su ɗora gungumen a kai, abokin yana sama, Baba yana cikin rami, suna jan dogon zarto. Wani katakon da rana tsaka ake kawo shi a mota. Wani kuma ta hanyar bayan gari yake shigowa a ka, a jera shi bayan rumbunmu a rufe da kara. Babu wanda ya taɓa gaya mini bambancinsu, ban kuma taɓa tambaya ba.

Shekarun da ya yi a cikin ramin nan sun bar masa alama. Kafaɗarsa ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu, in yana tafiya kamar yana ɗauke da guga a hannu ɗaya. Yana yawan ƙifta ido saboda garin katakon da ke zubo masa a fuska. Kafin ya yi magana kuma sai ya cire hula ya kakkaɓe ta a gwiwa, ko da babu ƙura a kanta, ya ce, "Ai kuwa dai."

Da aka zo rabon aiki, malam bai wahalar da kansa a kaina ba. Ya san ko sunana aka kira a aji, amsata ba ta wuce bencin gaba.

"Ke riƙe ƙwarya," in ji shi. "Ba sai kin ce komai ba."

Matsayin mai sare itace kuwa, yara maza suka yi ta gwadawa suna daskarewa, har aka ba ƙawata, 'yar maƙwabtanmu, wadda katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ita ba ta jin kunyar kowa. Tana iya tafiyar hedimasta da atishawar malamin lissafi, in ta yi sai mun riƙe ciki. A wajen gwaji babu abin da ta yi da ya dame ni. Ta manna gemun auduga, ta sa rigar wanta da hularsa, ta sari reshen mangwaro da gatarin kwali, malamin dajin wasa ya zo ya kama ta. Shi ke nan.

A kasuwa aka share mana fili kusa da rumfar mahauta. Aka fara da wasan masu magimfa. Ƙananan yara suka kwanta a kan shuɗin zane a matsayin kifi, suna wutsil-wutsil, sannan suka sandare. Mutane suka ɗan tsaya, wasu suka wuce da cinikinsu. Malam ya yi mini alama da ido na fara zagayawa. Wata tsohuwa ta zuba mini gyaɗa cikin tafin hannu. Wani mahauci ya leƙa ƙwaryar ya ce, "'Yan mata, kuɗin kallon yara suna barci za mu biya? Ai a gida ma muna gani kyauta." Aka yi dariya, na wuce kaina a ƙasa.

Sai ƙawata ta fito. Ta dubi mutanen da ke watsewa, ta dubi hedimasta wanda ke ta share zufa da hankici. Na ga ta ɗan tsaya. Daga nan ta saki kafaɗarta ta dama, ta karkata, ta tako tsakiyar fili tana ƙifta ido. Da ta iso gaban reshen mangwaron, ta cire hula, ta kakkaɓe ta a gwiwa, ta ɗaga kai ta dubi reshen tun daga ƙasa har sama.

"Ai kuwa dai," in ji ta.

Kasuwa ta ɗauka gaba ɗaya. Waɗanda suka juya suka dawo da gudu. Masu awon hatsi suka bar mudu a buhu. Wani ya yi ihu, "Wallahi shi ne! Har hular!" Wata mai ƙosai ta yi ta dariya har ta zauna a ƙasa. Da yaron da ke malamin daji ya zo ya tambaye ta takardar izini, sai ta lalube aljihu tana ƙifta ido, ta sake cire hular ta leƙa cikinta, ta ce iska ta tafi da ita. Ba a koya mata ko ɗaya daga cikin wannan ba.

"Zagaya yanzu! Yanzu!" Malam ya turo ni ta baya.

Kuɗi suka riƙa faɗawa cikin ƙwaryar, kwabo mai huji da sisi, wasu ma daga nesa ake jefowa. Kowa ya gan ni sai ya ƙara fashewa. "Af, 'yarsa ce ma ke karɓa!" Ban ɗaga kai ba. Ƙafafu kawai nake gani, masu faso da masu takalmin taya, har na iso gaban wasu ƙafafu da na sani, masu jan garin maɗaci a tsakanin yatsu.

Baba yana tsaye tare da abokin aikinsa, mutane sun zagaye su. Mahaucin nan ya biyo ni yana cewa, "Sarkin zarto, yaushe ka haifi wannan ba mu ci suna ba? Ta fi ka iya tafiyarka!"

Abokin aikinsa ya ce, "Ni dai Allah ya rufa mini asiri, ina sama, ba a ganina."

Baba yana dariya tare da su, amma bakinsa ne kawai ke yi. Na ga hannunsa ya tashi zai kai ga hula, ya tsaya a hanya, ya sauko. Ni ce 'yarsa ta fari, don haka ba ya kiran sunana, ba ya kuma yi mini magana a gaban mutane. Ranar ma bai yi ba. Ya laluba aljihu, ya saka wani abu a ƙwaryar a hankali yadda bai yi ƙara ba, ya ce wa mahaucin, "Yarinyar ta iya. Allah ya yi mata albarka."

Na wuce zuwa ƙafafu na gaba. Kunyar da nake ji ta kasu, na rasa wadda ta fi zafi. Ina jin kunyar an yi wa Baba dariya a kasuwa. Ina jin kunyar abin da aka yi dariyar a kansa gaskiya ne, kowa kuma ya sani. Ina kuma jin kunyar cewa a lokacin nan, da zan iya, da na zama 'yar wani.

Da la'asar ina tsakar gida ina tsince gyaɗa na ji shigowarsa. Ya ajiye keke a zaure ya ratso tsakar gida zuwa ɗakinsa. Tafiya yake a miƙe, ya ɗage kafaɗar dama da ƙarfi har wuyansa ya sandare, kamar wanda aka ɗaura wa sanda a baya. Tsakanin zaure da ɗakinsa ba nisa, amma kafin ya kai ƙofa kafaɗar ta koma inda take. Inna tana tankaɗe. Ta bi shi da kallo, ta ci gaba da aikinta. Labari ya riga ya iso mata ta bakin masu dawowa daga kasuwa. Da ta kai masa tuwo na ji ta ce, "Wasan yara ne, Malam." Bai ce "ai kuwa dai" ba.

Washegari a makaranta aka tara mu a fili. Malamin daji ya zo da gwangwanin fenti kore, ya ɗaga shi sama muka tafa. Ya ce an samu na allunan farko, saura batir da allunan sauran mashayai. Hedimasta ya kira ƙawata gaba ya dafa kanta.

"Yadda kika yi jiya, haka za ki riƙa yi. Kada ki rage komai. Sati mai zuwa an samo mana mota, za mu kasuwar Kazage."

Yara suka yi ta tsalle don za a shiga mota. Ni kuwa ban yi tsalle ba. Kazage garin su Inna ne. Can kakana yake, da kawunnaina. Na sha ganin yadda Baba ke cire takalmi tun daga bakin zauren kakan, ya durƙusa, ba ya haɗa ido da shi, ko ruwa ba ya sha a gabansa. Mutanen can sun san tafiyarsa kamar yadda na nan suka sani. Kakana kuma ba ya fashin kasuwa, yana da wurin zamansa a rumfar masu goro.

Na yi tunanin zuwa wurin malam. Har na kai bakin ofis na ga hedimasta a ciki yana jujjuya gwangwanin fentin yana murmushi, sai na wuce kamar wajen randar ruwa zan je. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya ranar, amma ko na zauna a gida wasan ba zai fasa ba. Kwanaki suka yi ta tafiya. Ni da ƙawata muna zuwa makaranta tare kamar kullum, tana ta zuba surutu, ina binta da "uhm".

Ana jibi za a tafi, muka je rafi wankin kayan makaranta. Ta shanya rigarta a kan dutse ta zauna tana wasa da ƙafa a ruwa.

"Ke wai me na yi miki ne?" ta ce. "Tun ranar kasuwa kike kumbure-kumbure kamar an ci miki tuwo."

Na ci gaba da cuɗa riga.

"Don na kwaikwayi Babanku? Ai kowa ma ina yi. Babanmu ma ina yi, a gabansa, har ya ce in sake. Kuma ba ki ga ƙwaryar ba? Da ba don ni ba da gyaɗa za a sayi fenti."

"Na gani."

"To, mene ne?"

Na matse rigar, na sake tsoma ta a ruwa ba dalili. Tunda muke ban taɓa roƙonta wani abu ba, kullum ita ke cewa a yi kaza in bi.

"Kazage garin su Inna ne," na ce.

Ta daina motsa ƙafa.

"Kakana zai zo kallo. Ki sari itacen, a kama ki, ki yi ƙaryar takardar, duk ki yi. Ki yi muryar da kika ga dama. Amma don Allah, don darajar iyayenki, ranar ki bar kafaɗar nan da hular."