Ranar da Zumuntar Mata ta Tura Motar Baba

Jiya da safe ina shara a ƙofar gida, nan Kafanchan, sai na ji motar maƙwabcinmu ta yi ƙyat, ƙyat, ta yi shiru. Ban ko ɗaga kai ba na ce masa batir ne. Ya dube ni kamar na zage shi. Ni dai ban wuce aji shida ba, ko tuƙi ban iya ba, amma a gidan mai tsohuwar mota kunnena ya girma.

Babanmu yana da a-kori-kura, wai fara ce, ko da yake ni ban same ta da farinta ba. Ita ke kai cittarmu kasuwa, ita ke kai mara lafiya asibiti, in ta ga dama. Tun ina ƙarama na san harshenta. In ta ja numfashi a hankali kamar tsohon da aka tasa daga barci, batir ya yi sanyi. In ta juya da ƙarfi ta ƙi kamawa, mai ne ko fulogi. In kuwa ƙyat kawai ta ce, to ku ɗaura ɗamara. Shi ya sa kullum a saman gangaren bayan gidanmu take kwana, da dutse a ƙarƙashin taya. A cire dutse, a ɗan dafa ta, Baba ya sa giya ta biyu ya saki kuloci, sai ta yi tari ta tashi. Kowa a ƙauyenmu ya san wannan doka.

Shekarar da nake ba ku labari, lokacin tonon citta ne, ko'ina ƙamshinta a kan duwatsu inda ake shanya. Zumuntar matan majami'armu za su je babban taro a Godogodo, kuma a karon farko aka ba Mama jan waƙa. Shekara nawa tana amshi a layin baya. Wata guda tana raira waƙar nan, a murhu, a rijiya, har mun haddace ta ba da son ranmu ba. An faɗa masu a fili: ƙungiyar da aka kira ba ta wurin, an wuce ta ke nan.

Ana gobe tafiya, Baba ya ce ba zai kai matan Allah cikin datti ba. Ya cire dutse, ya gangara da motar har bakin rijiya ba tare da ya kunna ta ba, wai kada ya ƙona mai a banza. Ya wanke ta tas, ya bar ta a nan ta bushe. A ƙasan gangare. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Da safe mata goma sha wani abu suka hallara cikin anko, da tulunansu na kiɗa da caki, suka hau baya suka zauna a kan benci. Aka yi addu'a. Baba ya murɗa makulli. Ƙyat.

Ban san inda maza suke fitowa ba in mota ta ƙi tashi. Kafin a buɗe bonet sun kai bakwai. Ƙanin Baba ya ce kik ne, mai tayar da inji, ya maƙale, ya shiga ƙarƙashi yana bugunsa da dutse. Dattijon majami'a ya ce farin garin da ya taru a kan batir ne, aka aike ni in ɗebo ruwan zafi a tukunyar kunu, aka zuba, aka kankare da wuƙa. Mai shagon bakin hanya, wani Alhaji da ke sayen citta a hannunmu, ya ce ruwan wanki ne ya shiga, aka kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya ana gogewa da gefen riga. Duk wanda ya gama nasa sai ya ce, “To, gwada yanzu.” Ƙyat. Na ce masu ko hon ba ya kuka, fitila ma ja take yi kamar garwashi. Ƙanin Baba ya ce in matsa, ana aiki.

Baba kuwa ya kafe. “Batir ɗin nan lafiyarsa ƙalau. Sati guda ba wanda ya taɓa shi.”

Rana tana hawa. Mama tana zaune a baya, ta kau da kai daga wajen bonet. Kaka, uwar Baba, ta fito daga madafa da wani tsohon zane a hannu, ta ɗaga shi sama. Duk ya huje kamar rariya.

“Matar ɗana, wane irin ɓera ne ya ci gammonki haka?”

Alhaji ya karɓa ya shinshina. “Kaka, wannan ai ruwan batir ne.”

Ashe duk satin, da zarar Baba ya tafi gona da rana, Mama na kwance batir da sufanarsa, ta sa a daro, ta ɗora a kai har majami'a. Da shi suke kunna lasifika, don ta saba da jin muryarta a ciki kafin ranar taro. Kafin ya dawo ta mayar, ta ɗaure tsaf. Kwana biyar. Kuma duk matan da ke zaune a bayan motar nan sun sani.

“Da kin faɗa tun ɗazu,” in ji Baba.

“Da ka bar motar a inda take kwana,” in ji Mama.

Ba lokacin faɗa. Daga rijiya ba inda za a gangara sai rafi, dole a hau da ita sama tukuna. Mazan nan bakwai, biyu suka tuna da ciwon baya, ɗaya ya ce shi zai riƙe dutse. Mata suka sauko, suka tuɓe takalma, suka sa kafaɗa. Mama ta ja waƙar taron don ƙafa ta zo ɗaya, suna amsawa suna nishi. Sau uku aka kai ta sama. Na farko Baba ya saki kuloci da wuri. Na biyu, sai da ta kai ƙasa ya ga bai murɗa makulli ba, kuma ba zan maimaita abin da shugabar zumunta ta ce masa ba. Na uku ta tashi.

Sun isa Godogodo an kira su an wuce. Da shugabarsu ta roƙa aka ba su wuri a ƙarshe, mutane sun fara buɗe kwanon abinci, muryar Mama kuma ta dushe. Wata ce ta ja waƙar. Shekara ta zagayo aka bar wa waccan jan.

Yanzu su biyun sun tsufa a gidana. Motocin yau ko an tura ba sa tashi, sai a kira yaro a waya ya zo da wani batir a kan babur, minti goma an gama, ba wanda ya san laifin wa. Mu namu ba a gama ba. Ko makon jiya jikata ta tambayi Mama ko ta taɓa jan waƙa a taro. Ta ce sau ɗaya, a gangare, ba takalmi, da mota a kafaɗa. Baba yana kan kujerarsa, kunnen da ba ya jin kiran abinci ya ji wannan. Ya ce, “Batir ɗina dai lafiyarsa ƙalau.”