Lambar Marigayi

Ina zaune a wani ofis ina jiran a sa mini hannu a takarda. Wani mutum kuwa yana tsugune gaban wata kwamfuta da aka lulluɓe da zane. Dattijo ne siriri, gemu duk furfura, ƙafar tabaransa ɗaya a ɗaure da waya. Injiniya suke ce masa.

Wata sabuwar ma'aikaciya tana tsaye a kansa.

"Baba, kwana uku ke nan ba a haɗa ni da intanet ba."

"Yi haƙuri, 'yata. Kowace na'ura sai da lambar adireshinta, kamar gida. Lambobin tsohon tsari sun ƙare, 'yan namun duk an rabe. Sabon tsarin kuwa, ko kowace ƙwayar yashi za a ba lamba, ba zai ƙare ba."

"To me ya hana mu koma?"

"Shekara tara ina rubuta wa manya. Kullum sai baɗi."

A bakin jakarsa ina hango littafin sabon tsarin, gefensa ya yi baƙi don yawan buɗewa. Ina jin ya haddace shi tas, kuma haka zai yi ritaya bai taɓa aiki da shi ba.

Kwamfutar, na ji ana cewa, ta abokin aikinsu ce da ya rasu bara, kuma ba wanda ya iya taɓa ta. Injiniya ya yaye zanen, ya kunna, ya rubuta lambar adireshinta a tafin hannunsa, ya kashe. Sannan ya mayar da zanen a hankali, yana gyara gefensa.

"Zo mu je, 'yata," in ji shi. "Lambar da zan sa miki ta mutumin kirki ce. Ki riƙe ta da kyau."